Layin da Kika Bar Mini

…kuma har yanzu tana nan, ina jin ta. Takardar. Ninki huɗu, cikin rigata, daidai haƙarƙarin da ke mini ciwo. Duk sunkuyon da na yi kan injin sai kusurwarta ta soke ni. Na ji, Vinnie. Na ce na ji. Sha biyu da rabi za a busa jiniya, Zillah ta tsallako ta karɓa, gobe da safe jirgin ƙasa ya kwashe ta zuwa Landan, ita da na sauran masaƙun Lancashire, a kai wa majalisa koken mata su ma a ba su ƙuri'a. Sunaye ashirin da huɗu a shafin nan, har na haddace su. Layin farko kaɗai ya rage fari fat. Wanda kika bar mini.

Sha ɗaya da kwata.

Zare ya ƙare a inji na uku. Tsayar. Ciro ƙoshiyar saƙa, fitar da kwarkwaron zaren da ya ƙare, cusa sabo — sai baki. Leɓe kan ɗan ramin nan na gefe, zuƙa ɗaya, zaren ya biyo iska ya faɗo kan harshe. Tofar. Mayar. Sau ɗari uku a yini ko ɗari huɗu, wa ya ƙirga? Shekara talatin da ɗaya ina tsotsar katakon nan, ya cinye mini haƙora biyu na gaba, ɗanɗanon man inji da ƙurar auduga ba ya barin bakina ko ranar Lahadi a coci. Ni na koya miki. Kina shekara sha biyu na riƙe miki ƙeya na ce, ba haka ba, sakarya, kada ki hura, zuƙa za ki yi. Kika zuƙa kika haɗiye zaren, kika yi ta kakari, ni ina dariya…

Kada ki ɗaga kai, Dorcas, na ce wa kaina. Zillah tana kallo.

Ina jin idonta a gefen wuyana. Injinanta huɗu suna fuskantar naki — waɗanda suke naki, yanzu wata mai jan gashi ce a kansu, ban tambayi sunanta ba, ba kuma zan tambaya ba. Mako biyar ban kalli bakin Zillah ba. Zillah fa, wadda muka shigo ɗakin nan rana ɗaya, wadda ta karɓe ki a hannun ungozoma. Ina kallon takalminta na katako, ina kallon gefen mayafinta. Bakinta ne a'a. A nan kunne ba shi da aiki, inji ɗari shida suna dukan juna, ko ihu ka yi kai kanka ba ka ji. Da leɓe muke magana, daga wannan bango zuwa wancan, kowa ya iya karantawa, mu tsofaffin hannu ma ko a gida sai mun ga baki muke ji. To in ban duba ba, ba ta faɗa ba. Shi ke nan dabarar tawa, dabarar mace mai shekara arba'in da uku.

Don tana ɗakinki ranar. Tana tsaye a ƙarshen gado, ta ga sauran maganar.

A'a. Ba yanzu ba. Na biyu yana tsinke zare.

…watan Mayun bara ne, ko? Mayu, don an buɗe tagogin sama. Kika taho ta tsakanin injina da takardar nan sabuwa fil, leɓenki ya yi shunayya saboda lasar fensir, irin fensirin nan da sai an jiƙa shi da yawu yake kama takarda. Kika tsaya a gabana, kika buɗe baki sosai yadda na ƙarshen ɗaki ma zai gani.

"Mama, na bar miki layin farko."

Kina murmushi. Mata wajen arba'in sun ɗago kai. Pilling heluma yana jingine da ginshiƙi yana sakace, shi ma ya iya karanta baki, munafuki, ya fi kowa iyawa.

Me na ce? Na san abin da na ce. "Ƙuri'a ake ci ko burodi?" Sai na juya miki baya.

Baya, Vinnie. A ɗakin nan. Gara mari. Wanda ya juya maka baya a nan ya toshe kunne ke nan a gaban jama'a, ya ce kai da kukan inji ɗaya. Ban ga fuskarki ba, ta yaya zan gani? Sai da dare ya yi kika zuba mini shayi kika ajiye. Daga ranar muka shiga zaman doya da manja a gida ɗaya, wata shida, sai miƙo gishiri, sai rufe ƙofa. Taurin kai iri ɗaya, babanki ya ce da ana sayar da shi da mun bar gidan haya.

Babanki. Shi yana da ƙuri'a, Enoch. Mutumin da tattabarunsa sun fi shi sanin hanyar gida ranar Asabar. Ke kika faɗi wannan, ba ni ba, kuma sai da na shiga bayan gida na yi dariyata don kada ki gani. Kika ce mu ne muka fi yawa a ɗakin saƙa, mu ke biyan kuɗin ƙungiya kamar maza, amma ranar zaɓe sai mu tsaya a bakin ƙofa muna kallo kamar shanu. Kika ce ƙasar da mace ta mulka shekara sittin ce ake cewa mata ba su da kai. Gaskiyarki. Na san gaskiyarki tun ranar. To me ya hana ni?

Tsoro, na ce wa kaina. Kakarki an kore ta daga masaƙa don ta tsaya a gaban masu yajin aiki, hunturu guda muna kwana da takalmi, ƙanena ya mutu a cikinsa. Wannan gaskiya ne, kuma shi na ba kowa. Amma akwai wani ƙarami a ƙarƙashinsa, abin kunya… Rubutuna. Kin san rubutuna, kamar kaza ta yi tono. Ina shekara goma aka raba mini yini, rabi makaranta rabi masaƙa, a makarantar barci nake yi. A ce sunana ne a sama, shi manyan Landan za su fara gani, su miƙa wa juna suna murmushi, ga masu neman ƙuri'ar? Da kin bar mini layin ƙarshe, can ƙasa inda babban yatsa ke rufewa — wataƙila. Wataƙila da na sa. Kin so ki girmama ni ne, ni kuma na ji kamar za ki tsiraita ni.

Sha biyu saura ashirin. Agogon nan yau gudu yake yi.

Ciro. Cusa. Zuƙa. Tofar.

Kin tsani tsotsar nan. Wani likita ya zo taronku ya ce ta nan tarin fuka ke bi, daga bakin wannan zuwa bakin waccan, don ƙoshiya ba ta da uwar ɗaki, yau tana injinki gobe heluma ya kai ta na wata. Kika dawo kina ta faɗa, da muna da ƙuri'a da tuni an yi doka an canza mana ƙoshiya. Kika ɗinka ɗan tsumma kika rataya a ƙugu, duk ƙoshiyar da ta fito daga hannun wani sai kin goge ramin kafin ki kai baki. Aka yi ta miki tsiya, 'yar gayu, gimbiyar masaƙa. Har da ni. Na ce ga ni shekara talatin ina tsotsa, me ya same ni? Tari kuwa, wace masaƙiya ce ba ta tari? Ƙura ce. Ɗan jan da na gani a hankici hunturu biyu da suka wuce, na ce dasashi ne, na jefa shi a wuta, ban gaya wa kowa ba.

Ban gaya miki ba.

Ƙarfe takwas ake tsayar da inji, rabin awa na karin kumallo. Kowa ya zauna a ƙasa ya kwance ƙunshin burodi da kitse. Ke kuwa sai ki figi mayafi, ki fita da gudu da takarda, ɗakin kaɗi, ɗakin shiɓa, bakin ƙofar masaƙar da ke ƙetaren titi. Ki dawo ana tayar da inji, kina haki, ba ki ci komai ba, ba ki shirya komai ba. Pilling ya tare ni ya ce ranar da ya sake ganin injinki tsaye minti ɗaya bayan jiniya, ki ɗauki mayafinki ki yi gaba. Ni ya gaya wa, ba ke ba, yana murmushin nan nasa.

To me zan yi? In sa hannu, ba zan iya ba. In yi miki magana, girman kai ya hana. Sai na ga abin da na iya. Da kin fita, in leƙa hagu da dama, in tsallaka wurinki kamar mai neman almakashi. Ƙoshiyoyin jira huɗu, ɗaya ga kowane inji. Cusa, zuƙa, ajiye. Cusa, zuƙa, ajiye. Minti biyu. In koma in zauna da burodina, in juya wa injinki baya tun kafin ki shigo, don kada ki kama ni da ido. Kullum. Daga Mayu har Nuwamba. Har daɗi nake ji, Vinnie, kin ji wautar? Ina cewa a raina, to ga tawa gudummawar, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ba sai an rubuta a takarda ba. Ina tauna burodi ina jin kaina wata mai wayo.

Zaren da na zura yakan ƙare cikin minti shida. Daga nan bakinki ne zai hau ramin da nawa ya sauka.

Tsaya. Numfasa. Na huɗu yana tafiya daidai, na ɗaya ma…

Nuwamba kika fara tari. Kirsimeti ba kya iya hawa bene sai kin huta a tsakiya. Tarin fuka ne mai gudu, in ji likita, a jikin matasa haka yake, kamar wuta a rumbun auduga. Shekara ashirin da biyu. Rigar da kika ɗinka don tafiya Landan tana rataye bayan ƙofa, shuɗiya, ba a gama kalmasa ƙasanta ba. Da kin kwanta na dawo da magana, amma wace magana? Sha wannan. Juya in gyara filo. Takardar tana kan akwati kusa da kanki, kin gani na gani, ba wanda ya ambata.

Ranar jana'iza likitan ya ji ni ina tari a tsakar gida. Ya ce in zauna. Ya kanga abin awonsa a bayana ya daɗe, ya ce wannan ai tsoho ne a jikinki, Misis Holgate, ya shekara uku ko fi, wasu yana cin su a hankali. Ya tambaya ko kofi ɗaya muke sha ni da ke, ko gado ɗaya. Na ce a'a. Ya kaɗa kai ya rufe jakarsa. Bai tambayi ƙoshiya ba. Ina zai sani, mutumin da bai taɓa shiga ɗakin saƙa ba?

Amma kina gogewa. Ai kina gogewa. Tsumman yana ƙugunki kullum, ni na wanke shi da hannuna bayan… Kin ga ƙoshiya a shirye, kin san hannun wani ya taɓa, kin goge. Dole kin goge. Mako biyar ke nan nake riƙe da wannan kamar mai riƙe da igiyar rijiya. In kin goge, to daga wani wuri ne, daga taro, daga ruwan saman da ya yi ta dukanki a ƙofofin mutane, daga Allah. In kin goge zan iya sa hannu. In ba ki goge ba — da wane ido? Sunana a saman koken da ke cewa a ceci mata, a saman sunayen da kika tara da sauran numfashinki?

Ban sani ba, don bayana na juya. Zillah ce take fuskantarki.

Lahadi da la'asar, rana tana shigowa ta labule. Muryarki ta tafi tun Alhamis, amma me ya dame mu da murya, mu masaƙa? Kika taɓa hannuna, na duba. Leɓenki ya bushe ya tsage, kika haɗa shi a hankali, yadda ake yi wa na nesa.

"Mama, na san—"

Na miƙe. Na ce wuta za ta mutu. Na durƙusa gaban murhu ina tona gawayin da ba ya bukatar tono, ina tonawa, ina tonawa, na ba ki baya, karo na biyu ke nan. Na san me? Na san ke ce? Na san ke kika sa mini? Ba zan iya gani ba, Vinnie, na rantse ba zan iya ba. Da na juyo kin rufe ido, Zillah tana ƙarshen gado ta toshe bakinta da mayafi. Talata da hantsi kika tafi, ina nan, ina tsotsar ƙoshiya a na uku.

An ce wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Ni na ƙi duka biyun.

Jiniya.

Tuni? Bel ɗin sama mai juya injina yana lafawa, yana lafawa… shiru. Shirun nan da ya fi ƙarar ciwo, kunne yana ta kuwwa shi kaɗai. Takalma suna fita. Zan iya ajiye takardar kan injin in bi su. In bar layin yadda yake, wa zai kula a Landan, layi ɗaya cikin dubbai? In fita ta ƙofar baya —

Takalmin Zillah. Ga shi a gabana, na hagun da ƙarfensa ya cire. Ta kama haɓata. Da hannu ta kama, kamar yarinya, ta ɗago.

Ta tsufa a mako biyar.

"Dorcas, wuyanki ya ƙage ne, ko takalmina ne ya yi miki kyau?" Ba murya, leɓe kawai, ta kare gefen fuskarta da mayafi don kada masu wucewa su karanta. "Ba ni takardar yarinyar nan. Kin sa?"

Na ciro. Ta yi ɗumi, ta yi laushi. Zillah ta buɗe, ta ga layin. Ta zaro fensir daga gashinta.

Bakina ne ya motsa, ba ni na sa shi ba. Zillah, da safe, lokacin karin kumallo, ni ce nake —

"Wa bai sani ba? Kina tafe kamar ɓarauniyar kaza, kina neman almakashin da ke rataye a wuyanki. Duk layin nan mun sani."

Ita ma?

"Tun rana ta farko. Ƙoshiyar tana warin alewar na'a-na'arki."

To tana… Zillah, tsumman. Tana gogewa?

Ta kalli ƙofa. Ta kalli takardar. Ta ce in sa hannu kawai mu je mu ci abinci, dankalinta yana hucewa. Na riƙe mata hannu. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, ba ta iya ba, bakinta karkacewa yake yi.

"Ta kowa tana gogewa. Taki ce ba ta taɓa gogewa ba." Ta dube ni. "Na yi mata faɗa. Na ce kin fa ji tarin uwarki. Ta ce ta ji. Ta ce in Mama ta waiwayo ta gan ni ina goge bakinta kamar ƙazanta, ba za ta sake zuwa ba."

In Mama ta waiwayo.

Ban waiwayo ba. Vinnie, ban taɓa waiwayowa ba. Ko sau ɗaya, wata shida. Da kin goge da tsumma, da kin wanke da sabulu, da kin jefa ta a tafasasshen ruwa, ba zan gani ba, ina can ina tauna burodi ina kallon bango. Kina tsaye da ƙoshiya a hannu kina duban bayana, kullum, kina jira ko yau ne…

Fensir a hannuna. Yaushe ta ba ni? Hannu ya ɗaga shi zuwa baki da kansa — a'a. A'a. Bayan ni wata za ta lasa. Na sauke. Na ɗora a kan layin a bushe, na danna, ba ya kamawa, ɗan toka-toka kawai kamar sawun gizo-gizo. Zillah ta karɓa. Ta lasa da nata harshen, ta mayar mini cikin yatsu, ta danne takardar a kan katakon injin.

D. Ya karkace. Ya yi ƙato, ya hau kan layin. Su yi dariyarsu a Landan.

Tana taɓa kafaɗata. Ba ta gama ba.

"Ranar Lahadin nan. Abin da ta ce da kika tashi. Ta sa na yi alkawari zan gaya miki, ke kuma kin hana ni fuskarki. Za ki duba yanzu?"

Zan duba. Ga ni. Ga fuskata, ba zan juya ba, ko me ne ne, ko tsinuwa ce, ki faɗa. Ta sauke mayafin. Ta buɗe baki a hankali, yadda kika yi, Mama, na san — eh, wannan na gani, ci gaba, ci gaba…

Ina kallo, Vinnie. Wannan karon ina kallo. Ruwa ne ya cika idon, na goge ya sake cika. Bakinta yana ta motsi, yana ta motsi, ban ga komai ba.